Saƙon da Kallamu Bai Tura Ba

Ranar da ƙungiyar 'yan albasa ta dakatar da Malam Kallamu daga dillanci, 'yarsa Sa'adiyya tana tsaye a bayan rumfar taron a kasuwar Mile 3 ta Fatakwal, kuma da kunnenta ta ji abin da Abdulbasit ya faɗa. An kira shi ne a matsayinsa na babban injiniyan kamfanin da ya ƙera manhajar da dillalai suke tura saƙo da ita, ya zo ya faɗi gaskiya. Ya gyara gilashinsa, ya yi wani ɗan murmushi mai ƙona rai, ya ce, "Ranku ya daɗe, manhajarmu ba ta ƙarya. Abin da aka danna shi take turawa. Baba ya manyanta, wataƙila hannu ne yake rawa, ko kuma ido." Wasu suka yi 'yar dariya. Malam Kallamu ya zura takalmansa ya fita.

Wai hannu yana rawa! Mutumin da har gobe shi yake zura zare a allura ya ɗinke bakin buhu ba gilashi. A nan inda Sa'adiyya take tsaye, ƙafarta cikin ɓawon albasa da taɓon ruwan saman Fatakwal, ta ci alwashin sai ta durƙusar da wannan yaron a gaban mutanen nan da suka yi dariya. Ba a ofis ba, ba a bayan ƙofa ba, a wannan rumfar.

Ga yadda lamarin yake. Tun kafin a haifi Abdulbasit Malam Kallamu yake dillancin albasa a Fatakwal. Motoci su taso daga Arewa, su sauke wani kaya a Inugu, wani a Anacha, ragowar ya ƙaraso Mile 3, shi kuwa shi ne yake sanar da kowa inda motarsa take. A da da bakinsa yake yi, ya kira mutum a waya, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a faɗi labarin mota. Sai Alhaji Badaru, wani ɗan attajiran unguwa da ya yi boko, ya buɗe ɗan kamfani ya fito da manhaja mai suna Ta Iso. Dillali ya danna, saƙon tes ya tafi wayar mai kaya nan take. Sa'adiyya tana cikin ma'aikatan kamfanin, ita ce mai duba ingancin aiki, kuma ita ta lallaɓa mahaifinta har ya yarda ya zama dillali na farko da ya yi rajista. Sai da ta yi ta fama, don shi bai ga abin da bakinsa ya kasa ba.

Ana nan sai aka fara samun saƙo kamar haka: "Daga Kallamu dillali. Motarka ta iso, ka kawo masu sauke kaya." Mai kaya ya bar rumfarsa, ya tara 'yan dako, ya mayar da albasar da wani ya yi masa tayi, ya je tasha ya yi ta raba ido. Ba mota, ba dalilinta. In an kira Malam Kallamu ya rantse bai tura ba. Wanda abin ya fi faɗa wa shi ne Alhaji Gimba na Kasuwar Relief a Anacha, mutum mai layukan waya barkatai kuma mai saurin hawa. Shi ya kawo ƙara. Ƙungiya ta ce dillali ba shi da jari sai maganarsa, in maganar ta lalace to ya koma gida har a ga abin da hali ya yi.

Ya koma gidan kuwa. Mutumin da asuba take yi masa a kasuwa, ga shi zaune a baranda kan tabarma, yana kallon kajin maƙwabta.

Sa'adiyya ta fara da inda kowa zai fara. Ta buɗe bayanan manhajar ta binciki asusun mahaifinta sama da ƙasa, ba ta ga ko saƙo ɗaya na ƙarya da ya fita daga wurinsa ba. Ta kai wa Abdulbasit wannan, shi ko ɗaga kai bai yi ba. "Ya goge mana," ya ce. "Ko kin goge masa. Abeg, Sa'adiyya, ki raba gida da aiki." Ta koma kujerarta.

Abin da ya buɗe mata ido wani ɗan abu ne. A ofishinsu akwai abin da suke kira layin gwaji. Duk wanda ya taɓa manhajar, ko da harafi ɗaya ya canza, in ya tura gyaransa, wata na'ura ce take karɓa ta haɗa shi da na kowa, ta shiga gwada shi da kanta ba hannun mutum. Ta yi kamar ita dillali ce, ta yi rajistar mota, ta danna isowa, ta duba ko saƙo ya fita. In komai ya tafi daidai allon da ke bango ya yi kore, in an samu tangarɗa ya yi ja. Da ta gama sai ta share duk abin da ta yi, ta bar wuri fes. Saƙonnin gwajin kuma ba waje suke zuwa ba, akwai wani akwatin bogi da aka tanadar musu, a ciki suke faɗawa su mutu. Haka aka tsara, haka kowa ya ɗauka ana yi.

Wata rana da hantsi Abdulbasit ya miƙe yana miƙa, ya ce, "Na tura." Allon ya yi kore. Bai gama shan shayinsa ba wayar Sa'adiyya ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, murya ƙasa-ƙasa, wai wani mutumin Inugu ya kira Malam yanzun nan yana zazzaga masa rashin mutunci, wai an sake turo masa saƙo. Sa'adiyya ta dubi allon, ta dubi ƙeyar Abdulbasit. Wani zato ya faɗo mata, da wani irin daɗi mai ban tsoro: anya ba gwajin nan ne yake tura saƙonnin ba?

Zato ne dai, kuma zato ba ya tsayawa a gaban ƙungiya. Ita hujja take so, wadda ba mai iya sharewa.

Da ma layin gwajin ya daɗe yana ba su ciwon kai. Yau kore, gobe ja, jibi kore, ba wanda ya san dalili, sai dai a sake dannawa a yi ta addu'a. Sai ta je wurin Alhaji Badaru da fuskar ma'aikaciya mai son ci gaban kamfani, ta ce a ba ta dama ta ɗora wa layin tsarin sa ido da bin sawu, don a riƙa ganin inda gwaji yake ɓata lokaci da inda yake tuntuɓe. Alhaji Badaru ya ce a tambayi Basit. Shi kuwa gogan naka har da dariya. "Aikin share-share kenan," ya ce. "Ki ɗauka, ya dace da ke. No wahala." Wayyo, da ya sani!

Ta zauna ta yi aikin nan kamar mai kitson amarya. Duk gwajin da ya tashi ta sa a liƙa masa lamba tasa shi kaɗai, yadda ake shafa wa buhu fenti a Arewa don a gane mai shi duk tashar da ya sauka. Lambar ta bi shi ko'ina. In gwajin ya buɗe rumbun bayanai a rubuta, in ya kira wani sashe na manhajar a rubuta, in ya leƙa waje ya yi magana da wata na'ura a rubuta wace ce, da me aka ce mata, da abin da ta amsa. A saman kowane sawu kuma sunan wanda ya tura gyaran da ya tayar da gwajin. Abin da ta fi ba muhimmanci shi ne ma'ajiyar. Ta kai sawun wani wuri dabam, inda sharar da na'urar take yi bayan gwaji ba ta isa. Sannan ta haɗa allo mai nuna komai layi-layi, kowane mataki da tsawonsa, da launinsa.

Ta sha wuya, kada ka ce ba ta sha ba. Da farko sawun yana yankewa a tsakiya, sai ta ga kan gwaji ba ta ga wutsiyarsa ba, don lambar ba ta tsallakawa zuwa sashen tura saƙo. Ta yi ta kwancewa tana ɗaurawa. Wani yini wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, ta rasa aikin safiya guda. Ta goge baƙar tokar nan ta Fatakwal daga kan kwamfutarta ta sake daga farko. A hanya ma ta gano abin da yake sa allon yawan yin ja, wasu gwaje-gwaje ne biyu suke rige-rigen taɓa bayani ɗaya. Ta gyara, kowa ya yaba, Alhaji Badaru har da sa mata albarka. Wannan duk bai dame ta ba, ita jiran Abdulbasit take ya taɓa sashen isowar mota, don nasa ne shi kaɗai.

Ya taɓa kuwa. Ta buɗe sawun. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Gwajin ya tashi da sunan Abdulbasit. Ya buɗe rumbun bayanai, ashe ba na bogi ba ne, kwafin na gaskiya ne da ya ɗebo don ƙyuyar ƙirƙiro sunaye. Ya ɗauki dillalin da yake farkon jeri, Kallamu, wanda 'yarsa ta sa ya riga kowa rajista. Ya zaɓi ɗaya daga abokan cinikinsa ba tsari. Sai layi na gaba, wanda ya kamata ya faɗa akwatin bogi. Bai faɗa ba. Ya fita waje, ya tafi wurin masu tura tes na gaskiya da makullin sirrin kamfani na gaskiya, suka amsa cewa an isar. Daga nan na'urar ta share komai, allon bango ya yi kore shar.

Ta bi tarihin gyare-gyare ta ga ranar da ya yi wannan aika-aikar. Akwatin bogin ne ya lalace yana sa gwajinsa yin ja, shi kuma maimakon ya gyara, sai ya zare shi ya jona na gaskiya don ya samu kore ya tafi gida. Har da 'yar sanarwa ya bari wa kansa, wai na ɗan lokaci ne. Tir da wannan ɗan lokaci! Kuma ta tabbata ko bai sani ba da farko, ranar da ya tsaya a rumfa yana zancen rawar hannu ya isa a ce ya yi zargin kansa. Bai duba ba ne don ba ya son abin da zai gani.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu, kuma Sa'adiyya ta san ta rabu. Layi ɗaya za ta canza saƙonnin su tsaya cak. Ko ta taka zuwa ofishin Alhaji Badaru ta juya masa kwamfutar. Amma ta san yadda za a yi. Za a rufe ƙofa, a yi wa Basit faɗa a hankali, a zare makullin, a ce wa ƙungiya an samu 'yar matsala an gyara. Kamfani ba zai tona wa kansa asiri ba. In kuma saƙonnin suka tsaya haka kawai, mutanen kasuwa cewa za su yi horo ya yi aiki, tsoho ya shiga taitayinsa. Shi kuwa mai gilashi ya ci gaba da yawo yana murmushi. Ina! Ba za ta saɓu ba.

Da ma Alhaji Badaru ya sa ranar wani taro, don 'yan kasuwa sun fara guna-gunin barin manhajar. Za a taru a rumfar ƙungiya, har da na Anacha da na Inugu, ya nuna musu kayansa lafiya lau suke. Da sauran makonni. Sa'adiyya ta rufe kwamfutarta ta ce a ranta za ta jira. Ba ta taɓa layin ba, ta bar shi yadda yake, kowane saƙo da zai fita ƙarin itace ne a wutar da take haɗawa.

Kullum in ta dawo da yamma za ta tarar da mahaifinta a baranda. Ta kawo masa buta, ta zauna gefen tabarma. Shi ba ya son ya matsa mata, sai ya gama alwala yake cewa, "Sa'a, kin gano wani abu kuwa a na'urar taku?"

"Tukuna, Baba. Ana kan dubawa."

"To, Allah ya bayyana gaskiya."

"Amin," ta ce, tana kallon buta.

Saƙonni suka ci gaba da fita jefi-jefi, duk ranar da Abdulbasit ya taɓa sashensa. Yanzu kuma magana ta canza salo. Da ana cewa tsufa ne, yanzu aka koma cewa ganganci ne, wai an dakatar da shi shi ne yake hucewa a kan mutane. Malam Kallamu ya ce ai 'yarsa ta cire manhajar daga wayarsa ma, aka ce wa ya gani? Wani saƙon ya sake faɗawa kan Alhaji Gimba. Shi da ma ya daina yarda, bai tara kowa ba, amma ransa ya ɓaci matuƙa, don gani yake tsokanarsa ake yi. Ya hau mota takanas daga Anacha, ya tare Malam Kallamu a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, jama'a na fitowa. Ya ce masa, "Kallamu, ka ji tsoron Allah. Da furfurarka kake ƙarya? Ni ka mayar abin wasa?" Ya faɗa da ƙarfi, ya maimaita. Ba wanda ya ce masa ya bari.

Malam Kallamu ya dawo gida ya shige ɗaki. Daga ranar ya daina zuwa masallacin kasuwa, ya koma wani ɗan ƙarami can nesa inda ba a san shi ba. Abinci ma sai an yi da gaske. Sa'adiyya ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta fito. Kana tsammani ta je ta canza layin? Ko kusa. Cewa ta yi wannan ma a kan Basit yake, zai biya shi tare da sauran. Zuciyarta ta riga ta bushe, ramuwar ta fi mata komai daɗi tun ba ta ɗanɗana ba.

Da taro ya matso sai ta kai wa Alhaji Badaru shawara a gaban Abdulbasit. Ta ce dattawan nan ba su san irin tsantsenin da ake yi kafin a taɓa manhajar ba. Me zai hana a kai babbar talabijin, Oga Basit ya yi ɗan gyara a gabansu a sashen isowar mota, tunda shi ake ƙorafi a kai, ya tura, su ga yadda na'ura take gwadawa har ta yi kore? Ita kuma ta nuna sabon allonta. Abdulbasit ya washe baki. Mutum ne mai son a kalle shi, ko ɗaurin aure ya je sai ya san yadda ya yi ya karɓi lasifika. "Kin fara hankali," ya ce mata.

Mahaifinta ne ya ba ta wahala. Ya ce ba inda za shi, ya gaji da zama abin nuni. Ta durƙusa ta roƙe shi, ta ce don Allah ya zo ko a bayan mutane ya zauna. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa.

Rumfa ta cika maƙil ranar, ga zafi, ga warin albasa, ga janareto yana ta surutu a waje. Alhaji Zailani, shugaban ƙungiya, yana tsakiya kan kujera. Alhaji Gimba yana gaba ya sha mur. Bayan addu'a da gaishe-gaishe, Alhaji Badaru ya yi jawabinsa, Abdulbasit ya miƙe ya gyara gilashi. Kafin ya buɗe baki Sa'adiyya ta matso ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, Shugaba, ina neman alfarma ɗaya. A karɓi wayar mahaifina a kashe ta, ka riƙe a hannunka."

Aka yi ta kallon-kallo. Alhaji Zailani ya ɗaga kafaɗa ya miƙa hannu. Aka miƙo wayar daga baya hannu zuwa hannu, ya kashe ta da kansa, ya ɗora a cinyarsa. Abdulbasit ya ɗan yamutsa fuska, amma idon jama'a yana kansa, ga shi ya riga ya shirya Hausarsa. Ya yi bayani mai tsawo, ya canza wata 'yar kalma, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna. "Na tura," ya ce.

Layuka suka fara fitowa a talabijin ɗaya bayan ɗaya. Allon ya yi kore. Ya juyo yana murmushi zai karɓi yabo, sai wata waya ta yi ƙara a cikin aljihun Alhaji Gimba. Ya laluba wannan aljihu, ya laluba wancan, ya zaro ta, ya nisanta ta da idonsa ya karanta a fili, don shi ba ya karatu a zuci: "Daga Kallamu dillali. Motarka ta iso, ka kawo masu sauke kaya."

Ya dubi wayar da take kashe a cinyar Shugaba. Ya waiga ya dubi Malam Kallamu can baya, hannuwansa biyu a kan gwiwa.

"Innalillahi," in ji wani.

Sa'adiyya ba ta jira an ba ta izini ba. Ta buɗe sawun, ta bi shi da yatsa a kan talabijin, da Hausar da kowa zai gane. Nan ya danna, ga sunansa. Nan na'ura ta ɗauki sunan Baba. Nan ta zaɓi lambar Alhaji, ga ta, ya duba ko ba tasa ba ce. Nan saƙo ya fita. Nan aka share sawu don kada a gani. Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Ta juya ta dubi Abdulbasit ido cikin ido, ta ce, "Oga Basit, hannun wa yake rawa?"

Kai, ka ga mutum ya jiƙe sharkaf a tsaye! Ya fara Turanci, ya koma Hausa, ya ce kuskuren tsari ne, ya ce da ma yana shirin gyarawa. Wannan kalmar ce ta kashe shi. "Au, ka sani kenan?" in ji Alhaji Gimba, ya miƙe sai da aka rirriƙe shi. Rumfa ta kaure. Alhaji Badaru ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya miƙa hannu ya ce Basit ya ba shi makullin ofis a nan take.

Daɗi ya ɗebi Sa'adiyya har ta ji kamar ba a ƙasa take ba. Da ta tsaya a nan da ya ishe ta, amma ina, so take ta tatse shi tas. Da Alhaji Zailani ya nuna talabijin ya ce, "'Yata, waɗancan layukan na sama fa?" sai ta ce ai duk irinsa ne, tun ranar da ta kafa tsarin take tara su. Ta shiga karanto su ɗaya-ɗaya, da ranar kowanne, da sunan wanda ya tura, da wanda saƙon ya faɗa wa. Duk wanda ta kira sunansa sai ya ce ƙwarai an yi haka. Ta karanto na wani mutumin Inugu, ta karanto na Alhaji Gimba wanda ya taso da shi daga Anacha. Kowanne ta faɗa, Abdulbasit ya ƙara nutsewa a kujera, ita kuma ta ƙara jin sanyi a ƙirjinta.

Shugaba ya tsawatar aka yi shiru. Ya kira Malam Kallamu gaba, ya miƙa masa wayarsa da hannu biyu, ya ce ƙungiya ta zalunce shi, gobe ya koma bencinsa. Alhaji Gimba ya cire hula ya kama hannunsa yana neman gafara, har da hawaye, don shi komai nasa da yawa yake yi. Malam Kallamu ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ratsa mutane ya fita.

Sa'adiyya ta bar kwamfutar a buɗe ta bi shi da sauri. Ta cim masa a bakin titi, wajen masu keke napep. Fuskarta fal murna.

"Baba, ka gani? Ka ga yadda ya koma?"

Bai dube ta ba, titi yake kallo. "Sa'a, ni ban iya karatun talabijin ɗinku ba, amma na san ranaku. Wancan na farko da kika karanta, kafin Juma'ar da Gimba ya tare ni ne, ko bayanta?"

Murmushin ya bushe a bakinta. "Kafin ta ne, Baba."

"Da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"Kina iya tsayar da shi a lokacin?"

Ta so ta ce a'a. Bakinta ya ƙi. "Baba, da na tsayar, da sun rufe maganar a ofis. Da ba wanda zai san shi ne. Da ya sha, wallahi da ya sha, kuma da ba su—"

"Ban tambaye ki shi ba." Ya faɗa a hankali, ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi mata zafi. "Shi yaron nan bai san ni ba. Sunana kawai ya gani a na'ura. Ke kuwa kullum ke kike kawo mini buta, in tambaye ki, ki ce tukuna. Kina kallona na bar masallacin da na yi shekaru ina sallah a sahun gaba."

"Don kai na yi, Baba."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ta. Idanunsa sun kaɗa. "A'a," ya ce. "Don shi kika yi."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da keke, ya tattare babbar rigarsa ya shiga. Ta sa ƙafa za ta bi shi, ya ɗora hannu a kan ƙarfen ƙofar.

"Koma, kin bar kayan aikinki a buɗe."

Keken ya ja ya shige cikin cunkoson Mile 3. Daga rumfar tana jiyo muryar Alhaji Gimba, ya dawo kan Abdulbasit yana wanke shi tas, jama'a na taya shi. Abin da ta yi makonni tana mafarkin ji kenan. Ta tsaya a bakin titin tana saurara, masu dako suna ce mata ta ba su hanya, ba ta matsa ba sai da wani ya ture ta da buhu.